Ke Tafinta Ce

Ummulkhairi Jatau ta gama digirinta na farko a ilimin halayyar ɗan'adam, ta yi bautar ƙasa, ta dawo Zamfara da takardunta a cikin leda, sai ta tarar babu wanda ya san abin da zai yi da su. Mahaifinta Malam Jatau manomi ne ɗan Bilbis, wanda rashin zaman lafiya ya sa ya tattaro iyalinsa ya dawo cikin garin Tsafe. Idan abokansa suka tambaye shi me ɗiyarsa ta karanta, sai ya ce halin mutane ta karanta. Su kuwa su yi dariya, su ce ai su ma sun karanta wannan a kasuwar Tsafe ba tare da sun biya ko sisi ba.

Ta koma Gusau wurin yayanta Mas'udu, ma'aikacin banki, wanda yake zaune a Tudun Wada da iyalinsa. Ta samu koyarwa kwana uku a mako a wata makarantar kuɗi. Ana nan sai ta ji wata ƙungiya mai taimaka wa waɗanda 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu tana neman 'yan sa-kai. Babu albashi, sai kuɗin mota da abincin rana. Ranar Talata a tafi Bungudu, ranar Alhamis a tafi Tsafe. Ta kai takardunta, shugaban ofishin, Malam Shehu, ya duba ya ce ita ce irin wadda suke nema.

Shekara biyu ta yi tana wannan aiki. A Bungudu wani aji aka ba su a makarantar firamare, tagoginsa duk sun fita. A nan ne take shimfiɗa tabarma ta zauna da mata. Ba wata dabara mai girma take yi ba, saurare ne. Ta san wadda ba ta iya jin ƙarar babur sai ta miƙe tsaye. Ta san wadda ta daina shayar da jaririnta ba ta san dalili ba. Wasu sai sun zo sau biyar suna maganar tsadar masara kafin su faɗi abin da ya kawo su. Idan ta koma ofis, ta rubuta abin da ta ji ta miƙa wa Malam Shehu, ya sa a durowa.

Duk bayan wata uku ƙungiyar takan kawo wata ƙwararriya daga Abuja, wadda kowa yake kira Dokta. Ba ta jin Hausa ko ta gaisuwa. Takan zo da fom mai tambayoyi, Ummulkhairi ta zauna kusa da ita tana juya magana.

A wata Talata cikin damina aka kawo Inna Kulu gaban Dokta. Bafulatana ce daga wata ruga a bayan Bungudu. An kore shanunsu, an kashe mijinta, ita kuwa tana kwance cikin gonar dawa ta toshe bakin jikarta da hannu, tana kallo. Wata huɗu Ummulkhairi ta yi tana zama da ita kafin ta ba ta wannan labari, kuma sau ɗaya ta faɗe shi.

Dokta ta karanta tambaya, Ummulkhairi ta juya. "Inna, cewa ta yi, a cikin mako biyun nan, kwana nawa kika yi ba ki jin daɗin cin abinci?"

Kulu ta dubi fuskar baƙuwar, ta dubi Ummulkhairi. "Ɗiyata, ni ba ni ƙirga kwana. Wuta ce a cikina. Tun ranar nan ba ta mutu ba. In na kai loma baki sai in gan shi."

Ummulkhairi ta juya maganar yadda take, ba ta rage komai ba. Dokta ta gyaɗa kai, ta yi rubutu, ta ce a tura matar wurin mai ba da magani, alamun gyambon ciki ne. Akwai mata kusan arba'in a waje, direba kuma ya riga ya faɗa cewa ƙarfe uku zai kama hanya ko an gama ko ba a gama ba.

Ummulkhairi ta ce wa Dokta da Turanci, cikin ladabi, ba ciwon ciki matar take nufi ba. Ta fara bayanin abin da ya faru a gonar dawa. Dokta ta dube ta ta saman tabarau, ta ce a kira ta gaba. Malam Shehu, da yake tsaye bakin ƙofa, ya yafito Ummulkhairi zuwa baranda.

"Malama Ummu, ki san matsayinki," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Ke tafinta ce. Abin da aka ce ki faɗa, abin da aka amsa ki mayar. Ba ki da takardar da za ki ce ga ciwon mutum."

"Malam, wata huɗu na yi da matar nan."

"Ko shekara huɗu ce. In kina son ki riƙa sa hannu a fayil, ki je ki yi digiri na biyu a fannin asibiti. Kafin nan, ki bar mai takarda ta yi aikinta."

Ta tsaya a barandar tana kallon Kulu ta karɓi kwalbar farin magani, ta ɗaure a bakin zane, ta yi godiya har ƙasa. Ƙarfe uku suka kama hanyar komawa Gusau. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, a kan maganar takarda, gaskiya Malam Shehu ya faɗa.

A wannan makon ta cike fom ɗin digiri na biyu a fannin asibiti, wato na kula da masu damuwa da taɓin hankali, a wata jami'a mai nisa, tafiyar yini guda. Da Mas'udu ya ji, shi ma ya je ya sayo mata wani fom da kuɗinsa, na fannin halayyar ma'aikata, wanda ake koyon yadda ake ɗaukar ma'aikata da tafiyar da su a ofisoshi da kamfanoni. Ta cike don kada ta ɓata masa rai. Bayan wata uku duka biyun suka ɗauke ta.

Ranar wata Asabar da hantsi, Mas'udu yana wanke motarsa a ƙofar gida, ta kawo masa wasiƙun biyu. Ya goge hannu ya karanta.

"To ai babu abin tunani a nan," in ji shi. "Wannan na ma'aikata shekara ɗaya da rabi ne, Juma'a da Asabar kawai, kina gida, ba ki bar koyarwarki ba. Wancan shekara biyu cur, da wata shida a asibiti ba a biyan ki ko kwabo, ga haya, ga abinci. Kuɗinsa ya ninka wannan sau uku. Ummu, ni ma ina da 'ya'ya."

"Na sani, Yaya."

"Kuma in kin gama wannan, ni da kaina zan kai takardunki. Bankuna suna nema, kamfanonin waya suna nema. Wancan fa? Ki faɗa mini mutum ɗaya da kika sani a garin nan yana cin albashi da shi."

Ba ta san kowa ba, ta kuma ji haushin rashin sanin. Ta ce, "Shi ya sa ake ɗauko mana wadda ba ta jin Hausa."

"Ana ɗauko ta ne don ba a yi niyyar ɗaukar kowa ba. Kina tsammanin in kin dawo da takarda za a buɗe miki ofis? Za a ce ga likitan mahaukata ta dawo, ki ci gaba da zama a kan tabarma a Bungudu kyauta." Ya mayar mata da wasiƙun. "Na ma'aikata zan biya, daga farko har ƙarshe. Wancan ba zan sa kuɗina ba."

Ta shiga cikin gida tana ji kamar ta yi kuka, amma kukan bai zo ba. Ta san yayanta ba mugu ba ne. Shi ya biya mata rabin karatun farko lokacin yana ƙaramin ma'aikaci. Duk abin da ya faɗa ta riga ta faɗa wa kanta. Ta yi mako biyu tana gwada kanta a zuci a ofis mai sanyi, da kujera mai juyawa, tana tantance waɗanda suka zo neman aiki. Ba ta ga laifin aikin ba. Har ta ga yadda za ta sake wa Baba rufin ɗaki. Amma duk lokacin da ta kai nan, sai ta tuna kwalbar farin magani a bakin zanen Kulu, ranta ya sake ɓaci kamar a ranar.

Alhamis ɗin da ta biyo, bayan an tashi daga aiki a Tsafe, ta biya gida. Ta samu Baba a zaure yana tsince wake a faifai. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka Uwata yake kiran ta. Ta zayyana masa komai.

"Wanga da kike so," in ji shi, "shi ne na masu ciwon da ba a gani?"

"Shi ne, Baba."

Ya ci gaba da tsintar wake. "Akwai su da yawa a unguwar nan. Maƙwabcina tun da muka baro Bilbis bai sake zuwa masallaci da asuba ba, tsoron duhu yake yi, babban mutum da gemu." Ya ajiye faifan. "Uwata, ni ban da abin da zan biya miki. In wake ya yi kyau, abin da ya samu naki ne, amma ba zai kai ko'ina ba. Kuma kada ki ɗauki yayanki abokin gaba. Tsoro yake ji kada ki wahala."

Ta fito ba ta samu hukunci ba, ba a kuma hana ta ba.

Da ta sake karanta wasiƙar jami'a mai nisa a tsanake, sai ta ga wani sharaɗi a ƙasa. Duk wanda ya yi shekara biyu yana aikin sauraren mutanen da bala'i ya shafa, kuma ya kawo shaida daga wurin aikinsa, za a rage masa rabin kuɗin makaranta. Ta karanta sau uku. Da rabi, tana ganin za ta iya lallaɓa Mas'udu.

Ta je wurin Malam Shehu ta roƙi takardar shaida. Ya ce babu damuwa, ta dawo ranar Litinin. Litinin ya ce injin buga takarda ya lalace. Wata Litinin ɗin ya yi tafiya. Sai da ya rage kwana huɗu a rufe karɓar takardu sannan ya miƙa mata ambulan. Ta buɗe a gabansa. Layi biyu ne. An rubuta cewa Ummulkhairi Jatau ta taimaka wa ƙungiya a matsayin tafinta ta sa-kai, kuma tana da ladabi da zuwa aiki kan lokaci.

"Malam, wannan ba zai yi ba. Shaidar aikin saurare suke so."

"Abin da zan iya rubutawa ke nan."

"Shekara biyu, Talata da Alhamis. Rahotannina suna cikin durowar nan."

Malam Shehu ya cire hularsa ya ajiye a tebur. "Ki fahimce ni. Masu ba mu kuɗi sun san ƙwararriya ce take ganin matan nan. Haka muka rubuta musu. In na sa hannu cewa ke ce, mai digiri ɗaya, kika yi wannan aiki, takardar ta faɗa hannunsu, za a rufe shirin. Kina son a rufe?"

Ta taɓa ganin rahoton ƙarshen shekara a kan teburinsa. An rubuta mata ɗari uku da sha biyu sun samu kulawar ƙwararriya. Ta san sunayensu, ta san ƙauyukansu.

"Dokta sau takwas ta zo," in ji ta. Ba ta ɗaga murya ba. "Sau takwas a shekara biyu, kuma kullum ƙarfe uku ta tafi. Ni ce na zauna da su. Ranar da na buɗe baki ka ce ba ni da takarda. Yau na zo in nemi takardar, ka ce aikin da na yi ba ni na yi ba. To ta ina ake so in bi?"

"Ki yi haƙuri, Malama Ummu. Haka tsarin yake."

"Ba tsari ba ne, Malam. Ƙarya aka rubuta, ake so in biya kuɗinta."

Ta cire katin ƙungiyar daga wuyanta ta ajiye kusa da hularsa. Ta fita da ambulan a hannu. Sai da ta hau Keke Napep sannan ta tuna gobe Talata, matan Bungudu za su zo su shimfiɗa tabarma su jira. Wannan ya fi wasiƙar ciwo. Washegari ta shiga motar haya da kuɗinta, ta je ta yi musu sallama ɗaya bayan ɗaya. Kulu ba ta zo ba a ranar, aka ce ta bi dangi zuwa wani gari. Ba su sake haɗuwa ba.

A ranar da ta ajiye katin, da Mas'udu ya dawo daga aiki da la'asar, ya ga ambulan a kan teburin falo, ya ɗauka ya karanta. Ya sake karantawa. Ya kira ta.

"Mene ne wannan?"

Ta faɗa masa. Tana magana fuskarsa tana sauyawa.

"Tafinta," in ji shi. "Shekara biyu kina bin hanyar Tsafe da Bungudu, duk ranar da kika fita sai na duba waya sau goma, Baba yana can yana addu'a. Layi biyu. Wai tana da ladabi." Ya jefar da takardar. "Ina ofishin mutumin nan?"

"Yaya, bar shi. Ba zai sauya ba."

Ya yi ta kai da komowa a falon. Can ya tsaya. "Har yanzu ina ganin wauta za ki yi. Ban sauya ra'ayi ba, ki ji ni da kyau. Amma ba zan zauna wani ya ce ƙanwata tafinta ce ba. Zan biya shekarar farko. Ta biyu ki nemi hanyarki, don ni ban san yadda zan kasance ba."

Haka ta tafi, ba ragi, ba tabbacin shekara ta biyu. Karatun ya zo da wuya fiye da yadda ta zata. Ita da wasu ɗalibai biyu suka kama ɗaki ɗaya. Matar Mas'udu takan aiko mata da ƙuli-ƙuli da yaji a motar haya, ta ƙulla a leda ta sayar wa ɗalibai. Ta koyar da 'ya'yan wani malami da yamma. Waken Baba ya yi kyau shekarar farko, ta biyu tsutsa ta cinye. Da lokacin biyan kuɗin shekara ta biyu ya zo, ta haɗa abin da ta tara bai kai ba, Mas'udu ya cika, ya kuma yi mata faɗa a waya na rabin awa. A wata shidan asibiti ta rame har ɗinkunanta suka yi mata yawa. Akwai ranar da ta zauna a bakin gado ta ce da ta bi maganar yayanta, da yanzu tana da mota.

Ta gama, ta dawo Gusau da takardar da aka ce ba ta da ita. Wata tara ta yi tana zaune. Ta kai takardu duk inda aka ce ta kai. Wani ya ce babu gurbin irin wannan aiki a jerin ma'aikatansu. Wani ya tambaye ta ko tana iya yin allura. Mas'udu bai ce ai na faɗa miki ba sai sau biyu, ita kuma duka biyun ta tashi ta bar masa falon. Makarantar kuɗin da ta bari ta riga ta ɗauki wata malama.

A wata na goma wani asibiti a Gusau ya kira ta. Kwantiragi ne na shekara ɗaya, kwana uku a mako, albashin bai kai na mai karɓar kuɗi a bankin Mas'udu ba. Ta karɓa. Ranar farko jami'in gudanarwa ya kai ta inda za ta zauna. Wani lungu ne tsakanin ɗakin ajiyar kaya da wurin karɓar kati, an sa tebur da kujera biyu. Babu ƙofa, ko labule babu. Duk wanda yake layin kati zai ji abin da ake faɗa.

"A nan zan ga mutane?"

"Na wucin gadi ne, Malama."

"Wanda ya ga an kashe ɗan'uwansa, a nan zai faɗa mini, mutum talatin suna saurare?"

"Ki fara haka, daga baya a duba."

Ta ce ba za ta fara ba. Duk ranar aikinta takan zo ƙarfe takwas, ta sa hannu a rajista, ta zauna. Duk wanda aka turo mata, ta gaishe shi, ta rubuta sunansa da lambar wayarsa, ta ce za ta kira shi. Kullum kuma kafin ta tashi sai ta rubuta takarda ta kai ofishin jami'in, magana ɗaya: tana buƙatar ƙofa. Ya ce taurin kai gare ta, kuma kwantiragi ana iya soke shi. Ta ce ta sani. Da ta ba Mas'udu labari, ya riƙe kai ya ce wata tara tana neman aiki, yanzu za ta rasa shi a kan katako.

A mako na uku aka turo wani kafinta mai suna Ɗanlami da tsohuwar ƙofa da aka ciro daga wani ɗaki. Ta fi gurbin faɗi, ya yi ta fama da zarto har azahar. Da ya gama ya ce ta gwada. Tana ɗan cijewa a ƙasa, sai an ɗaga ta kaɗan take rufuwa. Ummulkhairi ta ce ta yi. Ta share garin katakon da ya zube, ta ɗauko littafinta, akwai suna goma sha tara. Ta kira lambar farko, wani dattijo daga Wonaka, ya ce yana gona yanzu, amma in Allah ya kai mu Laraba zai shigo.